Hodar fuska ga mai farar fata sol: tambayoyi da amsoshi

Sana'ata kwalliya, kuma ƙanwata da muke uwa ɗaya uba ɗaya zabiya ce. Shekarun baya, tun ban fara sana'ar ba, an yi bikin wata 'yar uwarmu aka ɗauko mai kwalliya ta gyara 'yan mata. Da layi ya zo kan ƙanwata, matar ta buɗe akwatinta ta zaro hodar da ta fi kowacce haske ta shafa mata. Fuska ta fito ruwan goro, wuya da kunne suna nan fari tas, kamar an ɗora mata fuskar wata. Ta kalli madubi sau ɗaya, ta shiga bayi ta wanke, ba ta fito wajen kamu ba. Daga ranar na fara bin diddigin wannan magana. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mata suka fi yi min, wasu a shago, wasu ta waya.

Wace ce "fara sol" a wannan magana?

Ba farar da muka saba cewa fara ba ce, wadda ta ɗan fi wankan tarwaɗa haske. Ina nufin fatar da rana ke ƙonawa ta yi ja cikin ɗan lokaci, ba ta yin duhu ko an daɗe a rana, jijiyoyi suna bayyana a hannu da gefen goshi. Likitocin fata suna da ma'aunin da wani likita ɗan Amurka, Thomas Fitzpatrick, ya fito da shi a 1975, mai hawa shida a yau. Wannan fata ita ce hawa na ɗaya. A wajenmu yawanci zabiya ce ke da ita, sai wasu masu jinin Larabawa ko Turawa, sai kuma masu lalurar da likitoci ke kira vitiligo, wadda ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari.

Me ya sa na zagaye kasuwa ban samu launina ba?

Ɗan kasuwa abin da zai fita yake sarowa. Cikin mata ɗari da za su shigo shagonsa, kusan duka baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, don haka ba zai zuba kuɗinsa a hodar da za ta shekara a kan kanta ba. Kamfanoninmu na gida irin su Zaron da House of Tara ma baƙar fata suka fi sa wa a gaba, kuma ba laifi ba ne, domin shekara da shekaru baƙar mace ce kamfanonin waje suka manta da ita. Sai dai ke kin faɗo a ɗaya gefen.

Abin ya ɗan canza a 2017, lokacin da mawaƙiya Rihanna ta fito da kayan kwalliyarta, Fenty Beauty, da launi 40 a tashi ɗaya, daga baya suka kai 50. An fi yin maganar launukan masu duhu, amma na can farkon layin sun yi hasken da wasu zabiyoyi suka ce karo na farko ke nan da suka samu abin da ya hau fatarsu. A 2022 aka fara sayar da kayan a hukumance a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Najeriya da Ghana. Tsada ce dai, ba kowa zai iya ba. Amma sauran kamfanoni sun bi sahu sun faɗaɗa nasu launukan, kuma wannan ne ya amfane mu.

Shawarata: ki daina tambayar mai shago "kana da ta farare?" Zai ce akwai, ya miƙo miki wadda ta fi haske a cikin abin da yake da shi. Ki je da suna da lamba a rubuce, ki ce ya saro miki ita. Da yawa za su yi idan kin ba da kafin alƙalami.

Mene ne bambancin hoda da fandeshan?

Fandeshan shi ne abin da ke daidaita launin fuska ya rufe ja da tabo. Akwai na ruwa, akwai mai kauri kamar man shafawa, akwai na hoda da ake dannawa a ɗan faifai mai madubi. Shi wannan na ƙarshen muke magana a kai. Sai kuma hoda zalla mara launi, wadda aikinta tsotse maiƙo da riƙe abin da aka shafa a ƙasa. Ba ta rufe komai. Mata da yawa suna sayen ɗaya suna jiran aikin ɗayar.

Hodar ta yi haske daidai, amma duk da haka ba ta hau ni ba. Me ya faru?

Nan ne yawancin kuɗi ke salwanta. Haske abu ɗaya ne, launin da ke kwance a ƙarƙashin fata wani abu ne daban. Farare biyu za su iya zama haske ɗaya, amma ɗaya fatarta ta karkata zuwa ruwan hoda, ɗayar zuwa ruwan ɗorawa, wata kuma tana tsakiya. Abin da ke ba hoda launi ƙasa ce mai ƙarfe iri uku, ja da rawaya da baƙa, ana gauraya su da farin sinadari. A baƙar fata, ɗan kuskure a wannan haɗi yakan ɓace. A farar fata sol ba inda zai ɓuya.

Ana cewa ki duba jijiyar wuyan hannu: in shuɗiya ce kin karkata zuwa ruwan hoda, in kore-kore ce zuwa ruwan ɗorawa. Dabara ce mai ɗan amfani, amma ban dogara da ita ba, don mai farar fata sosai kusan kullum jijiyarta shuɗiya take fitowa. Abin da nake yi shi ne in yafa wa mace farin mayafi tas a kafaɗa, mu tsaya bakin taga, in kalli wuyanta da ƙirjinta. Kusa da farin kyalle launin gaskiya yake fitowa.

Ki kula da wani tarko. Jan da ke kumatunki da karan hancinki sau da yawa na rana ne ko zafi, ba launin fatarki ba ne. Na ga zabiyoyi da dama a nan da ainihin fatarsu ta fi kusa da madara mai ɗan rawaya-rawaya, amma saboda jan fuska suka sayi hoda mai ruwan hoda, sai fuskar ta ƙara yin ja. Wuya za ki bi, ba kumatu ba.

Yaya zan karanta sunaye da lambobin da ke jikin hodar?

A yawancin kamfanoni, ƙaramar lamba ita ce mai haske. A Maybelline Fit Me da Fenty, 'yan ɗari ɗaya na farare ne, 'yan ɗari uku zuwa sama na masu duhu. Kalmomin da za ki nema a jiki su ne Porcelain, Alabaster, Fair da Ivory, kodayake Ivory takan yi wa zabiya duhu. Harafin C yawanci na mai ruwan hoda ne, W na mai ruwan ɗorawa, N na tsakiya.

MAC kuwa sun juya abin. A wajensu NC na mai ruwan ɗorawa ne, NW na mai ruwan hoda. NC10 da NW10 suna cikin masu haske sosai. Na sha ganin wadda ta yi oda daga waje ta ɗauko kishiyar abin da take nema saboda wannan. Kuma lambar wani kamfani ba ta aiki a wani, ko da lambobin sun zo ɗaya.

A ina zan gwada, bayan hannu?

A'a. Bayan hannu ya fi fuska shan rana, cikin hannu kuma ya fi ta haske. Ki ja layi uku na launuka uku daga gefen muƙamuƙi zuwa wuya. Ki fita daga shagon, domin fitilun shago suna ruɗin ido, ki tsaya a inuwa inda hasken rana ke isowa. Wadda ta ɓace har kika rasa inda kika shafa ta, ita ce taki. In biyu sun yi kusa, ɗauki mai hasken.

Sannan kada ki biya nan take. Ki yi sauran cefanenki, ki dawo bayan kamar rabin awa ki sake dubawa.

Me ya sa sai na jira? Da safe tana yin kyau, kafin azahar ta koma ruwan lemo.

Dalilin jiran ke nan. Hoda tana haɗuwa da maiƙon fuska da gumi ta jiƙe, launinta ya ƙara duhu, kamar yadda ƙasa ke yi in ruwa ya taɓa ta. Wasu hodojin sun fi wasu yin haka, kuma fata mai maiƙo ta fi jawo shi. Abin da ke ragewa: ki bar man da kika shafa ya shige fata sosai kafin hoda, ki rage yawan hodar, in maiƙo ya taso da rana ki danna tishu ki tsotse shi tukuna maimakon ki ƙara hoda a kai. Ƙara hoda a kan maiƙo shi ne ke haifar da dabbare-dabbaren nan a gefen hanci. In duk kin yi haka ba ta daina ba, hodar ce ba ta dace da ke ba.

In ban samu daidai ba, zan iya gauraya ta da hodar jarirai?

Na san ana yi, mu ma mun yi a gida. Ba na ba da shawarar haka. Hodar jarirai ba ta kama fata, tana sa fuska ta yi toka-toka, kuma garinta yana tashi a shaƙe shi. Ga kuma maganar talc, farin dutsen da ake niƙawa a yi ta da shi: kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodar jarirai mai talc a duniya a 2023, ya koma ta garin masara, kuma a 2024 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa talc a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Hodar fuska da yawa ma akwai talc a ciki. Wadda hankalinta bai kwanta ba ta nemi mai rubutun talc-free.

Hanyar da ta fi: a sayi farin ruwan da ake yi musamman don ƙara wa fandeshan haske, a ɗiga shi cikin fandeshan na ruwa a bayan hannu har launin ya zo daidai, a shafa, sannan a bi da hoda mara launi. Kwalba ɗaya tana daɗewa, kuma takan fi neman hodar waje araha.

An rubuta SPF a jikin hodata. Ta isa ta kare ni daga rana?

Ba ta isa ba, kuma in za ki manta da duk abin da na rubuta, kada ki manta da wannan. Lambar SPF, wato ma'aunin ƙarfin kariya daga rana, ana auna ta ne da miligiram 2 na abin a kan kowane murabba'in santimita na fata. Ba macen da ke shafa hoda mai kaurin haka, in ta yi ba za ta iya fita ba. Abin da kike samu daga hodar ɗan kaɗan ne daga abin da aka rubuta.

Ga zabiya wannan ba zancen ado ba ne. Fatar da ba ta da melanin, sinadarin da ke ba fata launi, ba ta da garkuwa, kuma ciwon dajin fata yana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiyoyi a Afirka tun da sauran ƙuruciyarsu. Ƙungiyar The Albino Foundation da Jake Epelle ya kafa a Najeriya a 2006 ta daɗe tana wannan kira, haka ma duk 13 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zabiyoyi tun 2015.

Man kariya daga rana shi ne farko, mai SPF 50 in da hali, kada ya gaza 30. Ki matsa shi tsawon yatsu biyu don fuska da wuya, ki haɗa da kunne da bayan wuya in ba a rufe suke ba. In kina waje a sabunta shi duk bayan awa biyu. Daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma a nemi inuwa, a riƙe lema. Wani abin daɗi ɗaya: man da aka yi da zinc oxide ko titanium dioxide, wanda baƙaƙen mata ke ƙi saboda yana barin fari a fuska, ke bai dame ki ba, kuma ya fi sauƙi ga fata mai saurin ƙaiƙayi.

To yaya zan shafa ta?

Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi. Ki shafa mai mara nauyi, sai man kariya, ki jira kamar minti goma har in kin taɓa kumatu ba ya manne wa yatsa. Hoda a kan fuska mai danshi curewa take yi.

Ki ɗebo kaɗan da buroshi mai laushi, ki kakkaɓe, ki fara daga tsakiyar fuska inda ja ya fi yawa, gefen hanci, haɓa, tsakiyar goshi, ki tafi da ita waje. Dannawa ake yi, ba gogawa ba. Gogawa tana kwashe man kariyar da ke ƙasa, kuma farar fata tana yin ja da ɗan guga kaɗan, sai ki ga kamar hodar ba ta rufe ba ki ƙara, alhali hannunki ne ya jawo jan. Inda ake son rufi sosai, a koma da soso a danna sau biyu ko uku a wurin kaɗai. Ƙarƙashin ido kuwa ɗan abin da ya rage a buroshi ya isa.

In jan fuskar ya yi yawa, akwai man share fage mai launin kore-kore da ake ɗan shafawa a wurin kafin hoda. Kore yana kashe ja. Kamar ƙwayar gero ya isa kunci ɗaya, in ya wuce haka fuska ta yi toka.

Da hunturu fuskata tana yin gautsi, da bazara kuma gumi ya wanke komai.

Da hunturu hoda tana maƙalewa a duk inda fata ta bushe ta tona shi. Ki ƙara mai da dare, da safe ki sa hodar a goshi da hanci da haɓa kawai, ki bar kumatu. Kada ki kankare gautsin da soson wanka. Da bazara kuwa a rage komai, a riƙe tishu a jaka. Bakin hijabi yana kwashe hoda yana ɓaci, don haka ki tsayar da ita ɗan nesa da inda hijabin ke zama.

Idona ba ya gani sosai. Yaya zan san na shafa daidai?

Yawancin zabiyoyi suna da raunin gani da rawar ido, kuma haske mai ƙarfi yana damunsu. Ƙanwata madubi mai ƙara girma take amfani da shi, irin mai fuska biyu, tana zama gefen taga hasken yana zuwa ta gefe ba cikin ido ba. Buroshinta gajeren hannu ne don ta iya matsowa dab da madubin. Tana ƙirgawa: dannawa uku a kowane kunci, biyu a goshi, ɗaya a haɓa, kullum haka, har hannu ya haddace. A ƙarshe ta shafa bayan yatsa a gefen muƙamuƙi, in ta ji gari-gari ta san ta yi yawa. Ita ce ma ta nuna min cewa hodar da ta dace da launinka tana yafe kuskure, don ko ba ta bazu daidai ba ba mai gani.

Bayan na shafa sai fuskar ta yi fayau ba rai. Me zan ƙara?

Kin rufe jan da Allah ya sa a kumatu, sai ki mayar da kaɗan. Hodar kumatu mai ruwan hoda mara ƙarfi, a taɓa sau ɗaya. Jagira baƙa ko ruwan ƙasa mai duhu tana yi wa farar gira nauyi. Ki nemi mai launin toka-toka da ya ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa, ana rubuta taupe ko blonde a jiki, ki ja ƙananan layuka kamar gashi. Wasu ma sun fi son su bar girarsu da gashin idonsu fari yadda suke, kuma yana yin kyau ƙwarai. Hodar da ake sa wa a gefen fuska don fito da ƙashi, wadda aka yi don baƙar fata, a fuskarki kamar datti za ta fito, ki bar ta.

Kwallin gargajiya na dutse sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Idon da dama yake da rauni bai kamata a ƙara masa wannan ba.

Na yi bilicin na yi fari. Wannan bayanin ya shafe ni?

Wani ɓangare. Fatar da aka yi wa bilicin ba launi ɗaya take ba, ga ja a kumatu, ga duhu a gefen ido da gaɓoɓin yatsu, don haka hoda ɗaya ba ta hawa ko'ina. Mayukan nan da yawa akwai hydroquinone ko sinadarin steroid ko ma mercury a ciki, suna sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, rana ta riƙa ƙona ta. Hoda ba za ta gyara wannan ba. Ki ga likitan fata ya nuna miki yadda za ki daina a hankali, domin yanke mai steroid rana ɗaya yakan sa fuska ta rikice.

Akwai wani ɗan tabo mai kaushi da ba ya warkewa. In rufe shi da hoda?

Kada ki rufe shi. Wuri mai kaushi kamar ɓawo da ke dawowa bayan an ɓamɓare, ko ƙurji da ya yi makonni bai warke ba, ko mai zubar da jini da ɗan taɓawa, a fuska ko leɓe ko kunne, asibiti za a kai shi a wannan makon. In an kama shi da wuri, cire shi ƙaramin aiki ne. Na fi son mace ta fita daga shagona ba kwalliya da in rufe mata irin wannan.

Alwala fa?

Hoda tana fita da ruwa cikin sauƙi, shi ya sa na fi son ta a kan fandeshan masu hana ruwa shiga. Hukuncin abin da ke tare ruwa ki tambayi malamai. Abin da zan ce kawai, in kin wanke fuska man kariyar ma ya tafi, sai a sake shafa shi kafin a fita.

Yaya zan gane jabu, kuma yaushe hoda ke lalacewa?

Hodar da ake sayarwa dubbai masu yawa a ƙasar da aka yi ta ba za ta zo nan ta koma kuɗin kati ba. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba rubutun ko akwai kuskure, ki shinshina. Akwai ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe a jiki da 12M ko 24M, watannin da za ta yi ke nan bayan an buɗe. In samanta ya yi tauri yana ƙyalli, maiƙon fuska ne ya taru, ki kankare shi da bakin cokali mai tsabta. Soso a wanke shi duk mako ya bushe sarai kafin a mayar cikin faifan. Sabuwar hoda kuma a fara gwada ta a bayan kunne kwana biyu.

Bikina ya kusa. Me zan faɗa wa mai kwalliya?

Ki je da hodarki da kika riga kika gwada, kada ki dogara da akwatinta. Ki nemi a yi gwaji mako ɗaya ko biyu kafin ranar, a ɗauki hoto da filashi da kuma a hasken rana, domin hoda mara launi mai sinadarin silica takan fito fari fat a ƙarƙashin ido in filashi ya haska. Ki faɗa mata ƙarara cewa ba kya so a ƙara miki duhu "don fuska ta fito a hoto". Wajen gyaran jiki ma ki yi magana: kurkur yana rina farar fata ta yi rawaya na kwanaki, dilka da halawa kuma suna iya barin ja da ƙuraje. In za a yi, a gwada a ɗan wuri a hannu tukuna, kuma a gama aƙalla mako guda kafin kamu.